Rasuwar Ɗan Taya, Direban 'Yar Aike

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, kuma duk da Sa'adatu matar autana tana tsaye bisa kaina tun hantsi tana faɗin ba a taɓa yi ma roba zaman makoki ba, in ba ni da aikin yi in zo in tsince mata wake, ni Ruƙayyatu, wadda mutanen Shagari sunka fi sani da Inna Ruƙe, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda sunka yi murna, rasuwar rimot ɗina Ɗan Taya. Ya cika ranar Talata waccan bayan la'asar, a hannuna, bakin tafkin bayan gidanmu, bayan jinyar mako biyu. Damina ukku ya yi duniya.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne direban ɗan jirgin ruwan nan nawa mai batir da nike kira 'Yar Aike. Autana Maniru ya sawo jirgin cikin kayan gwanjo a Sakkwato don ɗiyanshi, sai da ya iso gida ya ga babu rimot. Sunka ja shi da igiya kwana biyu sunka yar. Ni kau na ɗauke na aje, don ina da dalili.

Dalilin nan sunanta Safinatu. Shekara guda anka kawo mu garin ga amare, aji guda munka zauna yaƙi da jahilci, gidanta na tsallaken tafki daidai da nawa. Kunnenta ya tafi, waya ba ta yi mata komi. Ni gwiwoyina sun tafi, kewaya tafkin ga ya fi ƙarfina. Sai mu zauna da la'asar, ita gindin kuka ni gindin darbejiya, ta ɗaga hannu in ɗaga, kowace cikinta cike da labari har wuya.

Ranar da Maniru ya kai ni duba ido Sakkwato na ɗauko jirgin cikin leda, na ce sai mun biya shagon masu irin kayan ga. Mai shagon, Kamal, ya shimfiɗa mani guda ukku. Na farko mai sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu. Na ce ɗana, yatsun nan ko tasbaha da ƙyar suke ja. Na biyu mai gilashi kamar waya, da rubutun Turanci, kuɗinshi ya kai na ɗan akuya. Maniru ya duba sama, ni ma na taya shi dubawa. Na ukku shina can ƙarshe cikin ƙura, baƙi, mai arha, da kunama irin ta bindiga da taya guda a gefe. Ina ɗora hannu bisa tayar nan na ji keken ɗinkina da na juya shekara talatin. Ba wanda ya koya mani. Hannu ya sani.

Abu guda na tambaya: har ina muryarshi ke kaiwa? Kamal ya sa ɗan akwatin da ke jin maganarshi cikin jirgin, ya ɗaura masu aure, ya rungumi 'Yar Aike ya kama hanya da ƙafa ina murɗa taya tana kaɗa wutsiya. Ya wuce mai faci, ya wuce mai lemu, sai wajen mai tsire ta daina. Na sa Maniru ya ƙirga taku. Ya fi faɗin tafkinmu da taku goma sha. Na ce ƙulle mani shi.

Marigayin mai haƙuri ne. In na tashe shi gaisuwarshi guda ce, tit-tit, ya kunna jan idonshi. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa tambayar mi ke cikin takarda ba, abin da ba zan iya faɗi game da wasu mutanen gidan ga ba. Goro biyu da takarda cikin leda, shi ne lodinmu. Safinatu ta karanta, in ga kafaɗunta na rawa don dariya daga nan, ta rubuto nata, ta juya mani hancin jirgi da sanda. Ta nan na ji wanda ya sayar da saniyar ƙanwarshi a Bodinga ya ce kura ce. Ta nan ta ji ranar da malamar asibiti ta koro nata mijin da ludayi. Damina ukku ba mu kwana da labari a ciki ba. Aibinshi guda, shina ɗan karkata hagu, kamar mahaifin su Maniru, Allah ya jiƙanshi.

Ciwon ajali ya faro da kuka, tiiit, tiiit, mai tsawo, alamar yunwa. A nan zan faɗi gaskiya, don gobe ƙiyama. Batiranshi huɗu sun tsufa, ban so in roƙi Maniru sabbi gaban matarshi, sai na yi masu abin da muke yi ma batirin rediyo tun zamanin da. Na shanya su rana, na ɗan daddaka su da dutsen guga. Ya farfaɗo kwana huɗu. Ashe ɗaya ya fashe, shina zubar da wani farin gari kamar kanwa cikin cikinshi ban sani ba.

Ranar Talata 'Yar Aike na tsakiyar ruwa ya ce tit, sau ɗaya, idon ya mutu. Na murɗa, na girgiza, na hura mai iska. Iska kau ta kwashi jirgin ta kai shi mashayar da mata ke wanki, da takardata a ciki. Abin da na rubuta bai taka kara ya karya ba. Cewa kawai na yi dubulan ɗin da Sa'adatu ta kai sunan Dingyaɗi, wanda anka yi ta yaba hannunta a kai, a leda ya zo daga Bodinga. Anka samu mai karatu cikin masu wanki, ta karanta shi da ƙarfi, sau biyu. Sa'adatu na wurin da bokitinta. Ita ta kawo mani jirgin har ɗaki, ta aje, ta ce, "Inna, ga ɗiyarki, ta isar da saƙo."

Maniru ya kai gawar wurin mai gyaran rediyo, ya buɗe ya rufe ya ce a yi haƙuri.

Ya rasu ya bar mata guda, 'Yar Aike, tana takaba bisa akwatina. An ce ba ta jin maganar wani rimot sai an canza mata ɗan akwatin cikinta an sake ɗaura aure. Ya bar batir ukku marasa lafiya. Ya bar ni. Ya kuma bar Safinatu, wadda har yau ba wanda ya gaya mata. Kwana tara ke nan tana fitowa gindin kuka da sandarta ta juya jirgi. Na ɗaga mata hannuwa biyu wofi, ta ɗauka fushi nike da ita. Jiya ba ta ɗaga nata ba.

Masu tambayar magaji, ba mu son mai gilashi. Mai taya, mai arha, da ɗan akwatinshi, muryarshi ta kai daga shagon Kamal zuwa mai tsire. Maniru ya ce shi ba ruwanshi, sai abin da matarshi ta ce. Matarshi kau yanzun nan ta leƙo takardar ga ta ce ko gawarta ba ta yarda.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan la'asar, bayan rumbu. Likkafani tsohon ɗankwalina ne. Ba a buƙatar gumba, dubulan kuma kar kowa ya wahalar da kanshi. Roƙona guda, duk mai lafiyar ƙafa da zai kewaya tafki, ga goro goma sha takwas na kwana tara a ƙulle bisa tabarma, da 'yar takarda mai layi ɗaya. A kai ma Safinatu. Babu sunan kowa ciki. Na rubuta mata ba fushi ba ne, direba ne ya mutu.

Sa'adatu ta karanta wanga ma ta bayan kafaɗata. Ta ce, "Inna, ke dai ba ki tuba." Ta wawuri ƙullin goron da 'yar takardar, ban san ko ƙwace ne ko aike ba, ta figi hijabinta na fita unguwa, ta bugo mani ƙofa har ƙasa ta zubo daga azara.