Bakin Oga Sallau da Motar Tumatir

Mu kanikawa muna da ciwo guda, ba mu iya cewa "ban sani ba". Oga Sallau, mai garejin manyan motoci a Funtuwa, shi ciwon ya fi kamawa. Yana da agogon auna ƙarfin mai, amma tsatsa ta cinye shi a jikin ƙusa, don a cewarsa bakinsa ya fi agogo gaskiya. Da ya zuƙi tiyo zai gaya maka ko gas na zuwa ko ba ya zuwa. To ana tsakiyar azumi, la'asar sakaliya, rana ta gama dafa kowa, sai ga wani direba mai suna Nomau an jawo motarsa da sarƙa, shaƙe da kwandunan tumatir za shi Kudu. Ta kwana biyu tana yi masa gardama, sai an yi ta murza makulli tana tari kafin ta kama, a hawa kuma ba ta da ƙarfi. Yau ta ce sam.

"Iska ta sha a hanyar mai," in ji Sallau, tun bai taɓa ta ba.

Ya sassauta nozul mai fesa wa inji mai, ya yi ta danna famfon hannu, kumfa kaɗai ke fita. Ya canza filta, shiru. Tumatir ya fara zubar da ruwa, ƙudaje suka zo gaisuwa.

Nomau ya ce, "Oga, don girman Allah ka taimaka. In kayan nan suka kwana, miya zan kai wa mutane. Ka ɗauko agogon nan mana, kada ka zuƙi tiyo, kana azumi fa."

"Azumi a ciki yake, ba a leɓe ba," in ji Sallau. "Na zuƙa, na furzar, shi ke nan. Yau na fara?"

Ya kwanta ƙarƙashin mota, ya zare tiyon da ya fito daga tanki, ya kafa baki. Ko ɗigo. Ya sake ja har jijiyoyin wuya suka miƙe. Ashe wata 'yar leda ce ta toshe bututun, tana sakin hanya gas ya taho gaba ɗaya. Ƙwat, ƙwat! Sai ciki.

Ya fito da rarrafe yana hawaye. Malam Ilu, limamin masallacin gareji, yana gefe yana alwala.

"Allah gafarta Malam, azumina fa?"

"Wa ya sa maka tiyon a baki?"

"Ni da kaina."

"Ya wuce maƙogwaro?"

Kafin Sallau ya amsa wata gyatsa ta riga shi, har Malam ya kawar da kai.

"Sai ramuwa bayan salla, Sallau."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya wuni da ƙishirwa yana mafarkin kunun tsamiya, saura ƙiris a kira magariba ya ɓata azumi da man mota. Ya daure ya mayar da tiyo, ya ce a murza. Motar ta yi nishi sau ɗaya ta yi tsit, batir ya mutu saboda murzar da ya sha.

Nomau ya leƙo ta taga kamar zai yi kuka.

"Oga, yaya ke nan? Man bai kai mata ba ne?"

Sallau ya goge baki da hannun riga.

"Ita dai har yanzu azumi take. Ni na sha. Ɗora min kwandunan, ka murɗa min kunne a madadin makulli mu kama hanya."