Ranar Da Na Kori Kaina Daga Aiki Saboda Albasar Wani

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a wajen ƙarshen zamanin mulkin soja, lokacin ina akawu a wani ƙaramin biro, wato ofis, na masu fitar da kaya a Malanville. Aikinmu shirya takardun kamiyo, wato manyan motocin kaya, kafin su je duwan, wato kwastan, su haye gada zuwa Gaya. Mu uku ne: ni, da abokin aikina Garba, da mai gidanmu Alhaji Sanda, wanda muke kira Patron.

A shekarar ce Patron ya sayo ordinata, wato kwamfuta. Na'ura ɗaya ce a kusurwar ofishinsa, amma an ja mata waya zuwa allo uku, kowa da nasa. Wata mata daga Kwatano, Madam Sidoni, ita ta zo ta kafa ta, ta zauna mako biyu tana koya mana. Ta ba kowa sunan shiga da kalmar sirri. Ta ce kowace takarda da ke cikin na'urar (fishe take ce musu) tana da mai ita, kuma mai ita ne ke yanke wanda zai karanta da wanda zai iya gyarawa.

"Za ka iya ganin sunan fishen wani," in ji ta da Hausarta ta kasuwa, "amma in bai ba ka izini ba, ba za ka ga cikinsa ba. Ba faɗa ba ne. Haka aka yi ta."

Na gyaɗa kai kamar na fi kowa ganewa. (Ni ne ma na maimaita wa Garba bayanin, da muryar malami.)

Kwana biyu kafin Madam ta koma, ina duba jerin takardu sai na hango wani fishe a ɓangaren Patron. Sunana ne a jiki, ɓaro-ɓaro, sai kalmar Faransanci mai nufin tashi. Na danna in buɗe. Na'ura ta ce ba ni da izini. Na sake. Ta sake faɗa mini, ba tare da jin kunya ba.

To, kun san zuciya. A watan nan na yi lattin zuwa aiki sau da dama, kuma na taɓa rubuta lambar kamiyo a juye har direba ya wuni a bakin duwan. Nan take na haɗa lissafina: Patron ya rubuta takardar korata, ya kulle ta don kada in gani.

Da ya fita sallar azahar sai na gwada shiga da sunansa. Na rubuta sunan babban ɗansa a matsayin kalmar sirri, ta ƙi. Na rubuta sunan ƙauyensu a wajen Gene, ta ƙi. Na gwada lambar motarsa, da sunan mahaifiyarsa, da duk abin da ya zo mini a rai, har da sunan ragon da yake kiwo. (Eh, na san sunan ragon. Kada ku tambaye ni.) Duk ta ƙi.

Na kira Garba na nuna masa. Ya duba allon, ya ɗaga kafaɗa.

"Ka tahi ka tambaye shi mana. Mi a ciki?"

"In tambaye shi? In ba shi daɗin ganin idona ya yi ja?"

A gida na faɗa wa matata Hajara cewa mutumin da na bauta wa shekara shida zai watsar da ni. Ta ce, "Ka karanta takardar?" Na ce ban karanta ba, amma na ga sunanta. Ta ce, "To ka ci abincinka." Ban ci ba. Na zauna na tsara jawabi, domin na ƙudura cewa ni zan bar shi kafin ya kore ni.

Washegari Talata na sa babbar rigata ta Juma'a. Na tarar da Patron a ofis tare da Madam Sidoni, Garba na tsaye bakin ƙofa, ga direbobi biyu a kan benci suna jiran takardu. Na ajiye makullin biro a kan teburi da ƙara.

"Patron, na hutar da kai. Ba sai ka ɓoye takarda a cikin ƙarfe ba. Shekara shida ina zuwa wurin nan, rana da ruwa. In korata za ka yi, ka dubi idona. Amma ni na riga ka, na bar aikin!"

Na ƙara da cewa shayin ofishin ma bai taɓa yin daɗi ba. Wannan ba ya cikin jawabin da na tsara, shi ya fito da kansa.

Patron ya cire tabarau a hankali. "Wace takarda?"

Na faɗi sunanta. Ya juya ga na'urar, ya shiga da sunansa, ya buɗe fishen, ya ce, "Zo ka karanta. Da ƙarfi, kowa shi ji."

Na karanta. Buhunan albasa. Lambar kamiyo. Ranar tashi. Sunan mai kaya, wani ɗan kasuwa daga Kamba, wanda Allah ya sa sunanmu ɗaya.

"Takwaranka ne," in ji Patron. "Ya roƙe ni kada kowa ya san ranar da kayansa za su tashi, don abokan gasarsa na riga shi kasuwa. Shi ya sa na kulle. Da Garba da kai duk na hana, ba kai kaɗai ba."

Ɗaya daga cikin direbobin ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka an gama. Sai Madam Sidoni ta yi gyaran murya.

"Alhaji, yanzu na gane. Na'ura tana rubuta duk wanda ya gwada shiga bai samu ba. Jiya da azahar, daga allon wannan malamin mai babbar riga, an gwada sunanka sau goma sha ɗaya. Da alama wani wuri hannunsa ya rikice, ya rubuta kalmar a gurbin suna." Ta duba takardar hannunta. "Wane ne Ɗan Gwanki?"

"Ragona," in ji Patron.

Da ƙasa na buɗewa, da ba a sake ganina a Malanville ba. Na tsaya da babbar riga, zufa na bin bayana, ina kallon makullin da na jefar. Ban san ko in ɗauka ko in bari ba.

Patron bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi zafi. Ya tura mini makullin da yatsa ɗaya.

"Ɗauki. Tunda ka riga ka karanta sirrin mutum, kai za ka kai masa takardunsa bakin gada. Kuma ka faɗa masa da bakinka yadda aka yi ka sani."

Na tafi. Labari kuwa ya riga ni isa, direbobi ba sa riƙe magana. Na sami takwarana zaune a inuwar kamiyonsa, dattijo mai fara'a. Ya karɓi takardu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne wanda ya bar aiki saboda albasata? Allah shi yi maka albarka. Ko 'ya'yana ba su taɓa damuwa da ita haka ba."

Ya cika mini ƙwarya da albasa, na dawo da ita a ka, cikin rigar Juma'a, ta tsakiyar kasuwa.

Na ƙara shekaru masu yawa a biron nan. Abin da na koya shi ne, in aka hana ka ganin abu, yawanci ba maganarka ake yi a ciki ba, kuma tambaya ɗaya ta fi jawabi sauƙi. Shayi kuwa, daga ranar Patron ya ce ni zan riƙa dafawa, tunda na san yadda mai daɗi yake.