Fayil ɗin da Harun Ya Kulle

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Alƙahira, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a gaban manyan masana, cikin sabuwar shadda mai sitati, na tona asirin mutumin da bai yi mini komai ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin fiziks. Aikinmu ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne jan aiki. Can a Turai akwai wani ƙaton inji a ƙarƙashin ƙasa da ke gwara ƙananan ƙwayoyin zarra da juna da gudun tsiya. A cikin tarkacen karon akan samu wata ƙwaya da ake kira D meson, mai ɗauke da wani ɗan abu da masana suka raɗa wa suna charm. Ba ta daɗewa, kafin ƙiftawar ido ta fashe ta zama wasu ƙwayoyin. Tana kuma da 'yar'uwar tagwaitaka, wadda komai nata juyin na waccan ne, kamar kai da hotonka a madubi. Mu namu shi ne mu zauna gaban kwamfuta mu ƙirga sau nawa kowacce ta fashe ta hanya kaza. An san bambancinsu ɗan mitsitsi ne. Wanda duk ya gano babba, to sunansa ya shiga littattafai.

Mu biyu ne ɗaliban wata malama Bamisiriya da kowa ke kira Doktora, mace marar son dogon zance. Na biyun shi ne Harun, Bahaushen Sudan da ke zaune da mahaifiyarsa a unguwar Hayyin Ashir. A shekarar nan aka ba Doktora gurbi ɗaya tak na ɗalibin da zai je ya yi wata uku a wajen injin. Gurbi ɗaya, ɗalibai biyu. Daga ranar da na ji labarin, Harun ya tashi daga aboki ya koma abin lura.

Wata rana na tafi sabunta iƙamata, wato takardar izinin zama, na wuni a kan layi, na rasa taron da aka tsara yadda aikin zai gudana. Washegari Harun ya jawo mini kujera.

"Ya zol," ya ce, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, "zauna in gaya maka abin da Doktora ta tsara jiya. Yana da muhimmanci."

"Na sani," na ce masa. "Na karanta bayanin taron."

Ban karanta ko layi ɗaya ba. (A raina cewa na yi so yake ya zama malamina, don a ce shi ne babba.)

Bayan 'yan makonni na gama ƙirgata, lamba ta fito a kan allo. Bambanci ne ƙato, irin wanda ba a taɓa gani ba. Na sake lissafin, ya sake fitowa. Har na fara tunanin wace hula zan sa ranar da 'yan jarida za su zo. Ban gaya wa kowa ba, na rufe allon na waiga, sai na ga Harun yana shan shayinsa yana kallon taga. Wannan kallon tagar bai kwanta mini ba.

Da na bi tsarin lissafin namu daki-daki, sai na tarar da wani fayil a kulle, wanda ke taɓa kowace lamba kafin ta iso allona. Na duba sunan mai shi: Harun. Na gwada buɗewa, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Nan take na gama yanke hukunci. Ya riga ya hango abin da na gano, yana rage masa girma a ɓoye, ya ajiye wa kansa lambar gaskiya don ya kai wa Doktora ya karɓe gurbin.

Na tambaye shi a kaikaice, kamar ban damu ba. "Wannan fayil ɗin fa na mene ne?"

Ya yi dariya. "Kai ma ka sani. Ko Doktora ba zan buɗe wa ba sai lokaci ya yi."

Ko Doktora! Wato har ya kai matsayin da ba ya ma ɓoye rashin kunyarsa.

A ɗakinmu na unguwar Abbasiya na kwashe labarin na gaya wa abokin zamana Malam Sabi'u, ɗalibin fiƙihu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Furofesa, me zai hana ka zaunar da shi ka tambaye shi kai tsaye? Ko ka tambayi malamar taku?" Na dube shi da tausayi. Na ce masa duniyar bincike ba zauren karatu ba ce, a can mutane da murmushi suke yanka juna. (Ni da ban fi wata takwas a wannan duniyar ba.)

Daga nan komai Harun ya yi hujja ne. In ya karkata allonsa saboda hasken rana, ɓoyo yake. In ya yi wa Doktora Larabci da sauri, gulmata ce. Na kwafe aikina a filas na riƙa yawo da shi a aljihun gaba, har wajen alwala hannuna na kansa. Da ya gayyace ni gidansu ranar Juma'a, na gane so yake tuwo ya kwance mini baki. Na je don in nuna ban ji tsoro ba. Mahaifiyarsa, dattijuwa mai fara'a, ta kawo asida, tuwonsu na Sudan, da miyar kuɓewa tana ce mini "ɗana". Na ci, na ƙara, amma ban furta kalma ɗaya a kan aiki ba. Na dawo gida ina jin ni gwarzo ne.

Ranar taron ƙarshen zango aka haɗa mu ta bidiyo da manyan ƙungiyar da ke Turai, fuskokinsu a jere a kan babban allo. Da aka zo kaina, na bar abin da Doktora ta ce in gabatar, na hasko lambata da jan rubutu, ta cika allon. Na ce wannan shi ne abin da na gano. Na ƙara da cewa ina da dalilin zaton ainihin lambar ta fi haka girma, domin akwai wani a ɗakin nan da ya kulle fayil yana wasa da sakamakona. Na ma nuna shi da yatsa, don kada a yi kuskuren mutum.

Wani farfesa mai furfura ya matso kusa da kyamararsa, ya tambaya a natse, "Wa ya ba ku izinin buɗe sakamakon?"

"Ba a buɗe ba," in ji Doktora, ba tare da ta kalle ni ba. "Lambar bogi ce ɗalibina yake nuna mana."

Sannan ta juyo ta yi mini bayanin da kowa a wajen ya sani sai ni. Al'adar masu wannan bincike ce a rufe wa lissafi ido. Ana ƙara wata ɓoyayyiyar lamba a kan sakamako, don kada mai aikin ya ga amsar ya riƙa gyare-gyare har sai ta zama abin da ransa ke so. Sai an gama tantance komai, kowa ya amince, sannan a cire ta a gaban jama'a. Mutum ɗaya ake ba amanar kulle lambar, kuma a taron da na rasa aka zaɓi Harun.

Mutanen Turai duk sun kashe makirfo, amma kafaɗunsu na rawa don dariya. Zufa ta jiƙa sitatin shaddar nan har ta manne mini a baya. Harun kuwa kansa na ƙasa, kamar shi ne ya yi abin kunyar.

Da aka watse Doktora ta kira ni ofis. "Gurbin nan naka ne tun farko," ta ce. "Harun ba shi da takardun da zai fita ya dawo, kuma ba zai bar mahaifiyarsa ba. Shi da kansa ya ce in ba ka. Amma ba zan tura mutumin da ba ya tambaya in bai sani ba. Khalas, shi ke nan, sai wata shekarar."

Na hau mota zuwa Hayyin Ashir, na same shi a ƙofar gida, na ba shi haƙuri.

"Ma'alish, ya wuce," ya ce. "Amma ya zol, asidar nan ma ka ɗauka makirci ce?"

"Na ɗauka."

"Kuma ka ƙara."

Ranar da aka buɗe sakamakon, Harun ya cire lambarsa, ƙaton bambancina ya koma ɗan mitsitsi kamar yadda kowa ya zata. Ashe masana sun daɗe da sanin irina, shi ya sa suke ɓoye mana amsa. Kuskurensu ɗaya: a kan ƙwayoyin kawai suka rufe mini ido, ba su rufe mini a kan Harun ba. Shi kam tun ranar farko na rubuta amsarsa, sauran makonnin duk na ƙare su ne wajen gyara lissafi ya dace da ita.