Rasuwar Maiwada, Zogalen Saman Benenmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin ruɓaɓɓiyar saiwa, ni Delou nake sanar da 'yan uwa na unguwar Al-Shumaisi rasuwar zogalena, Maiwada, wanda ya cika jiya Talata cikin watan Maris, yana da shekara biyu da tsawon ƙugu.

Marigayin ɗan asalin Zinder ne. Innata ce ta ƙulle irinsa a bakin zane ranar da zan taho Riyad, daga bishiyar tsakar gidanmu wadda aka sare bayan tafiyata. Iri bakwai ta ba ni, shi kaɗai ya fito. Duk Juma'a in ta kira, shi take fara tambaya kafin ni.

Ya yi zamansa a tsohon bokitin fenti, bai taɓa cewa ya fi ƙarfin bokiti ba. Ruwan wankin shinkafa yake sha. Zafin Agusta da ke narkar da silifa bai sa ya yi ƙorafi ba. Iyakar maganarsa, in iska ta taso, sai ka ji shaf-shaf.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a Disamba. Sanyi ya shigo, ya zubar da ganye kamar yadda ya yi bara, ya kwanta abinsa. Sai matar yayana, Anti Balkissa, wadda ta kammala digirin noma cikin dare uku a waya, ta gano cewa tsiro ba ya kwana waje lokacin winta. Haka ake yi a Landan. Aka sauko da shi falo, aka ajiye shi gaban hita mai ɗumama ɗaki, ana ba shi ruwan roba safe da yamma, tunda na famfo na talakawa ne. Na ce a bar shi ya yi barcinsa. Aka tuna mini ban gama sakandare ba, kuma a gidan wa nake zaune.

Da sanyi ya fara ja baya, Anti ta ce lokacin sauya tukunya ya yi. Ta sayo ta tangaran, fara mai bakin zinariya, ba ta da huji a gindi don kada ta ɓata kafet. Kwana goma sha ɗaya ya yi a cikinta. Baƙi sun yaba tukunyar ƙwarai.

Ya bar ni, da bokitinsa, da furen roba uku da ke kan talabijin cikin ƙoshin lafiya. Ya bar kuma Anti, wadda ta ce dama irin ba mai kyau ba ne.

Za a ɗauke shi gobe da safe daga ƙofar gida zuwa kwandon shara na bakin layi, kafin motar kwasar shara ta baladiyya ta wuce. Ba a buƙatar furanni, kada su ma a sauko da su falo. Masu ta'aziyya su hau sama, ina wajen bokitin.

Masu 'yan uwa a Zinder, don Allah ku riƙe bakinku. Jibi Juma'a ce. Ni zan ɗauki wayar.