Rasuwar Kompar Malam Rabo a Turken Rago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Rabo Ɗantala, malamin lissafi na babban aji a lakol ɗin Agiye, yana sanar da rasuwar komparsa ta katako, wadda yake zana da'ira da ita a kan allo. Ta rasu ranar Lahadi, 17 ga Disamba 1961, jajiberin bikin Jamhuriya, a bayan buro, wato ofishin darakta. Shekararta goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayiya tana da ƙafa biyu, ɗaya mai tsinin ƙarfe, ɗaya mai riƙe alli. Duk wanda ya zauna a ajin ya san muryarta: ƙiii idan ta tashi, ƙyas idan ta rufe da'ira. Ba ta taɓa zuwa a makare ba.

Ba ta yarda da hadda ba. Ita ce ta fitar da ɗalibai rana suka auna bakin rijiya, da kaskon tuya, da faifan matar gardi mai gadin lakol, suka raba kewaye da faɗi, har suka gaji da samun uku da ɗan abu. Sai bayan nan Malam ya faɗa musu sunan lambar. Rumbuna tara a unguwar an zana gindinsu ne da ita, kuma har yau babu wanda ya karkace.

Ba ta yi jinya ba. An sayo ragon biki, aka rasa turke. Wani ya buɗe kabad ɗin aji, ya ɗauko ta, ya kafa tsininta a ƙasa, ya buga mata dutse a ka har sau huɗu, kamar yadda tabo ya nuna, sannan ya ɗaura mata igiya. Ragon ya yini yana kewayawa. Da la'asar ƙugunta ya tsage.

Malam Rabo ya iske ta washegari da hantsi, ana tsakiyar fareti. Kafin ya ɗaga gawar sai da ya auna sawun ragon. Da'ira ce cikakkiya, mita biyu da rabi daga tsakiya ta kowane ɓangare.

"Ko tana mutuwa ba ta yi kuskure ba," in ji shi.

An yanka ragon a ranar. Malam ya ci kasonsa, ya nemi ƙari. Saura mai dutsen.

Makullin kabad biyu ne. Ɗaya yana wuyan Malam Rabo, ɗayan yana aljihun darakta, Muse Magaji mai jar dara, wanda ya sha cewa fita awon rijiya ɓata lokaci ne. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Haba Malam, ice ne fa. A zana da kwano mana." Gardi Iro ya ce shi igiya kawai ya riƙe, kuma idonsa na kan ragon.

Ta bar ƙanenta, dogon ma'auni mai guntulallen baki, da rabin kwalin alli, da ɗalibai ashirin da shida da za su zauna jarrabawar shiga kwalejin Maraɗi a watan Yuni, ba su kai ga darasin kusurwa ba. An rubuta takardar neman wata. Amsa ta ce Baturen ma'ajin da ke rabon kayan ya koma ƙasarsu, ba a naɗa wani ba tukuna.

Iyalan marigayiya ba su yafe ba. Daga wannan mako, duk tambayar lissafi a ajin za ta fara ne da "Wani mutum mai jar dara ya ɗaure rago." Ɗalibai za su nemo faɗin ciyawar da ragon ya ci, da tsawon tafiyarsa, da nisan turken daga ƙofar buro. Za a rubuta da tawada, a littattafan da sufeto zai duba a watan Fabrairu. Jar dara ɗaya ce a lakol ɗin. Haka kuma ana sanar da mai shirin gina sabon rumbu a gidan darakta cewa ya nemi kwano.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a daidai tsakiyar da'irar, wadda aka kewaye da duwatsu don kada a share ta. Kowane ɗalibi ya zo da igiya da ƙusa, domin da su za a ci gaba da darasi daga kan kabarin. Ba a karɓar gaisuwar da aka aiko da baki. An ajiye kujera ɗaya a gaba, da dutsen a kanta.

Ƙafa ɗaya za a binne. Mai tsinin ƙarfen ta ɓace ranar Talata daga kabad ɗin da aka kulle gawar, kuma Malam Rabo bai cire makullinsa daga wuya ba.