Agwagwa Ta Rasu a Ƙafar Direba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, gidan Tela na sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa leƙo ɗakin baya, cewa Agwagwa ta rasu. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ba kuma wutar lantarki ce ta ƙona ta ba. Hassada ce ta kashe ta, hassadar cikin gida, da ƙafa biyu, da rana tsaka, a gaban shaidu. An faɗi wannan tun da fari don kada wani ya zo gaisuwa yana tambayar me ya faru.

Ga wanda bai san marigayiya ba: sitiyari ce ta koyon tuƙin jirgin sama a cikin ɗaki, baƙa, mai ƙaho biyu, da fedoji biyu a ƙasa inda ake ɗora ƙafa. Waya ce ke haɗa ta da kwamfuta, abin da hannu ya yi a kanta shi jirgi ke yi a allo. 'Yar Tela, wadda ke aikin jinya, ita ta shigo da ita a kwali, bayan idon mahaifinta ya daina ganin kafar allura, ya koma wuni yana musu da rediyo. Mai gyaran waya na bakin layi ya ɗaure ta a gefen teburin yanka, inda alli da almakashi suka yi zamaninsu, ya ajiye fedojin daidai gurbin matakin keken ɗinki. Manhajar ta ba shi wuya kafin ta yarda ta zauna. Da ta zauna sai ya sa Tela ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya ja, ya tura, don kwamfuta ta san iyakar hannunsa.

Jirage ne birjik a ciki, manya da ƙanana. Tela ya ƙi manyan, domin a filinsu akwai wata murya da ke ba mutum umarni da yaren da ba ya ji, shi kuwa bai kai wannan shekarun don a riƙa yi masa tsawa ba. Ya zaɓi wani ɗan ƙarami mai kwale-kwale biyu a madadin tayoyi, wanda ke tashi daga tafki ya sauka a tafki. Daga nan sunan Agwagwa ya bi ta.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri. A farkon zama Tela ya kifar da jirgi ba adadi, ya soka hancinsa a ruwa, ya rataye shi a bishiya, ba ta taɓa kai ƙararsa ba. A hannunta ya koyi cewa sai an ja sitiyari zuwa ƙirji har jirgi ya ɗaga hanci, sannan a sassauta ya hau bisa ruwa yana gudu. A hannunta ya gane cewa ruwan da ya kwanta luf kamar madubi ya fi mai motsi haɗari, domin ido ba ya gane nisansa. Kuma a hannunta ya san babban abu: fedojin nan juya jirgi suke yi, ba birki a kan ruwa. Mai son tsayawa sai ya kashe inji tun daga nesa, ya bar jirgi ya sulala da kansa har bakin gadar katako. Wannan karatun Tela ya yi wa duk wanda ya shigo ɗakin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ba ta da yawan magana. In an ja ta, ta ce ƙiii, a hankali, kamar mai neman izini. In an taɓa maɓallinta, ta ce ƙyas. Fedar hagu na da ɗan tsaki, cik, wanda Tela kaɗai ke ji. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta ke nan.

Mutum ɗaya ne a layin bai taɓa jin karatun nan ba, domin ya ƙi shiga ɗakin. Shi ne Direba, ƙanen Tela, uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ɗaya tsakanin ɗakunansu.

A yi masa adalci. Direba ya ja tirela tun gashinsa na baƙi har ya yi fari, bai taɓa kashe ko akuya ba. Da ya ajiye tuƙi sai ya kafa benci a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, kullum da yamma Mai Aski da Mai Faci da sauran masu lokaci su zauna ya ba su labarin hanya: gangaren da ya sauko da lodin siminti birki na hayaƙi, gadar da ya haye ruwa na lasar ƙofa. Sun ji labaran har sun haddace, amma suna zuwa, suna gyaɗa kai a inda aka saba gyaɗawa. A layin nan in aka ce tuƙi, shi ake kallo. Tela kuwa ko keke bai iya ba, sai na ɗinki.

Mai Faci ne ya fara zamewa. Ya ce zai shiga ya gai da Tela ya fito, bai fito ba. Washegari Mai Aski ya bi shi. Direba na zaune shi da bencinsa, yana jin ƙugin inji ta cikin katanga, da muryoyin manyan mutane masu jikoki suna salati don an ga tsibiri. In ya fara labarin gangaren siminti, sai ya tarar mai sauraronsa ɗaya ne, shi ma kunnensa na ɗakin baya. Da aka fara kiran Tela Kyaftin, abinci ya daina yi wa Direba daɗi.

Ya fara da baki. Ya ce kayan wasan yara ne. Ya ce abin na shan wuta, mita kuwa ɗaya ce. Ya ce tsoho da furfura ya zauna yana murɗa roba, wannan ai abin a kai shi asibiti ne. Ya ce tuƙin da ba ɗan sanda, ba rami, ba faci, ba tuƙi ba ne. Duk maganar da ya yi a rumfa tana isa ɗakin baya kafin ta huce, domin Mai Aski ba ya riƙe kaya. Tela bai rama ba. Ya fito da kansa, ya tsaya a kan ƙanensa, ya ce masa akwai kujera kusa da tasa, ya zo a koya masa. Direba ya ce shi ba ya hawa abin da ba shi da taya, kuma bai ga ranar da tela zai koya masa riƙon sitiyari ba.

Abin da ya ƙarasa shi daga cikin ɗakinsa ya fito. Matarsa ta shiga kai wa Yaya Tela abinci, ta daɗe, ta dawo fuska a washe. Wannan mata ce da duk ranar da ta zauna a gaban tirelarsa sai an tsaya mata a hanya don tashin zuciya.

"Malam, ka ga saukar Yaya kuwa? Ko ruwan kofi bai motsa ba."

Direba ya ce mata ai tebur ne, ina ruwan kofi zai motsa.

"Ni dai ban yi amai ba," in ji ta, ta ɗauki kwanukanta ta wuce.

Ranar da 'yar Tela ta ɗauki mahaifinta zuwa awon jini, Direba ya sa hularsa ta tafiya, ya kira Mai Aski da Mai Faci, ya ce su zo su ga yadda mai sana'a ke yi. Ya san ƙusar da ake rataye makullin ɗakin baya. Mai Faci, da ya ga ana yi sau da yawa, shi ya kunna. Ya buɗe baki zai fara karatun Tela, Direba ya ɗaga masa hannu ya ce ya bar shi, tun ba a haife shi ba yake tuƙi.

Nan ma a yi masa adalci: hannunsa hannu ne. Jirgi ya yi tangal-tangal, ya watsa ruwa, ya tashi. Tafki ya koma ƙasa, itatuwa suka zama kamar ciyawa, hanya ta buɗe ba kwana, ba shinge, ba mai tsayar da shi. Marigayiya ta ce ƙiii a hannunsa kamar yadda take ce wa mai ita, ba ta nuna masa bambanci ba. Shaidu sun ce bakinsa a ɗan buɗe yake, ya manta suna ɗakin. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya yi dariya shi kaɗai. Tun da ya miƙa makullin tirela ba a ji wannan dariyar ba.

Saukar ma ta yi. Ta yi ƙarfi, jirgi ya yi tsalle, amma ya zauna. Mai Aski ya yaba. Wannan yabon ne ya dawo da Direba cikin ɗakin, ya tuna abin da ya kawo shi. Ya ce yanzu za su ga ajiye mota, ba irin ta Yaya ba da ke kashe inji tun daga tsakiyar ruwa don tsoro. Ya ƙara wuta, ya nufi gadar katako.

Gada ta matso. Ya taka fedar dama, jirgi ya juya dama. Ya taka ta hagu, ya juya hagu. Mai Faci na cewa ba birki, ba birki, amma ƙafar da ta yi rayuwarta tana tsayar da lodi a gangare ba ta jin magana. Direba ya haɗa ƙafa biyu ya danna. Gada na zuwa. Ya tashi tsaye a kan fedojin da dukan nauyinsa, ya riƙe ƙahonin marigayiya ya ja da baya don ya samu ƙarfi, kamar yadda ya yi ranar siminti.

Ta ce ƙaƙas. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Fedar hagu ta rabe biyu. Maɗaurin ya tsinke da ɓallin tebur a bakinsa, waya ta fizgo daga cikinta, kujera ta kife, Direba ya samu kansa a ƙasa, ƙafafu a sama, marigayiya a ƙirjinsa. A allo kuwa jirgi ya hau gada ya zauna a kai. A haka Tela ya shigo ya same su, auduga a maƙale a hannunsa. Ya dubi tebur, ya dubi fedoji, ya dubi ƙanensa.

"Da ka tambaya."

Bai ba shi hannu ya tashi ba.

An yi jinya bakin gwargwado. Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya liƙa da dalma, ya shafa gam, ya ɗaure da waya. Ta farfaɗo, amma ba ta dawo daidai ba: duk inda aka murɗa ta, hagu take yi, jirgi ya yi ta kewaya tafki kamar mai neman abin da ya yar. Daga baya kwamfuta ta daina gane ta. Mai gyara ya rufe ta, ya goge hannu, ya ce a yi haƙuri.

Ta rasu ta bar kwamfuta, wadda ke kunnuwa ta tambayi inda take. Ta bar allo, da lasifika biyu da suka yi shiru, da teburin yanka mai giɓi, da ɗan jirgi a tsakiyar tafki ba mai ja. Ta bar Tela, wanda ya gwada tuƙi da maɓallan rubutu ya ce wannan kamar ɗinki ne da ƙusa. 'Yarsa ta ce ba ta da halin wata yanzu, shi kuma ya ce ba zai roƙa ba.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da hantsi a ɗakin baya. Ba salla, ba mutum ba ce. Tela ya ɗinka mata mayafi da farin ƙyalle, da lalube, ba wanda ya zura masa zare. Za a mayar da ita kwalin da ta zo ciki, a ɗora bisa kabad. Direba ne zai ɗauka, shi zai hau kujera ya ɗora, ko bayansa na ciwo ko ba ya yi. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin baya. Ba a karɓa a rumfa.

Masu zuwa kada su tsaya lissafa wa Tela asararsa, sitiyari ɗaya ce da gefen tebur. Ga ta wanda ya yi aikin, don mai irin halinsa ya ji. Ya rasa bencinsa, domin Mai Aski da Mai Faci sun gwammace zaman makoki a gaban allo da labarin siminti. Ya rasa labarin simintin kansa, domin yanzu da ya ce gangare sai a kwashe da dariya. Ya rasa sunansa, yara da manya Birki suke kiransa, matarsa ma ta faɗa sau ɗaya ta ce kuskure ne. Ya rasa ƙusar makulli, an sa sabon kwaɗo. Ya rasa kujerar da wansa ya ajiye masa. Ta ƙarshe kuma ita ce mai nauyi: ya hau sau ɗaya, ya ga tafki daga sama, ya ji daɗin da bai taɓa ji a kan kwalta ba, kuma duk layin nan sitiyari ɗaya ce mai kai mutum can. Ita ce zai ɗora bisa kabad ranar Asabar.