Yaƙin Alhaji Maidamma da Kifi Mai Ido Gefe Ɗaya

A'a, 'yar nan, riƙe bakinki! Wa ya gaya miki Barmo tela ne ya tuɓe shi? Barmon da ko zare sai an zura masa a allura? Sarautar Alhaji Maidamma ba namiji ne ya karɓe ta ba, kuma ba a zaune ta tafi ba, sai da aka gwabza. Gyara zama ki ji, tunda ku komai a gutsure kuke tsintarsa.

Shi ne Alhaji Maidamma ɗan Bawa, Bawa ɗan Manu Dogo, Manu ɗan Gero Mai Taru, wanda aka ce ya kama giwan ruwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na ɓare goro. Jikan Sarkin Ruwa na bakin gulbin Kabi, zuri'ar da in kada ya hango ta sai ya sunkuyar da kai ya koma ƙasan ruwa. Daga wannan tsatso mai albarka Allah ya fitar da gwarzonmu, sadauki, bangon zango, garkuwar 'yan albasa, mai gemun da ke shiga ɗaki kafin mai shi, wanda tun da fataucin albasa ya kawo shi Ikko yana da baƙin gemu har ya yi fari fat, ba a taɓa ganin ya kusanci ruwan da ya fi na buta yawa ba. Ko gada mota za ta hau, sai ya runtse ido ya kama salati. Amma duk zango Sarkin Ruwa ake ce masa, saboda gado, shi kuwa yana amsawa da ɗaga hannu a hankali, kuma wallahi ya fi son sunan nan da rumfarsa ta kasuwa.

To, ana nan, wata rana a majalisar ƙofar masallaci, yana cikin ba da labarin kakansa Gero, wanda kowa ya haddace har da inda ake tari a ciki, sai Barmo tela ya cire tsinken sakace daga baki ya ce, "Sarkin Ruwa, ni fa ko tarwaɗa ban taɓa gani a hannunka ba, sai soyayyiya a takarda."

Majalisa ta ɗauki dariya. Jinin Gero ya tafasa. Sadauki ya miƙe, sai da ya dafa bango don gwiwa ba ta da labarin fushin, ya ce, "Juma'a mai zuwa, in an sauko, kowa ya zo gidana! Kifin teku za ku ci. Ni zan kamo, ni zan dafa, hannun mace ba zai taɓa shi ba. In na kasa, kada wanda ya ƙara ce mini Sarkin Ruwa!"

Barmo ya mayar da tsinkensa baki ya ce, "Mun shaida."

Da safiyar Juma'a jarumi ya yi shirin yaƙi. Ya zuba babbar riga a matsayin sulke, ya danna hula ta zama kwalkwali, ya ɗauki lema ita ce mashi, ya hau danfo, motar hayar Ikko, ya keta dazuzzukan motoci da rundunonin 'yan acaɓa har ya isa bakin teku, uwar ruwaye, wadda ba ta da wancan ƙetare. Da ya ga raƙuman ruwa suna tasowa kamar garu suna faɗuwa da ruri, bai gudu ba, Allah shaida. Baya kawai ya ja zuwa inda yashi ya bushe sarai, kuma masu ilimin yaƙi dabara suke kiran wannan.

Akwai wata al'ada ta masuntan bakin tekun nan. In sun zuba taru, wato babbar komar da ake ja daga tudu da igiya, duk wanda ya sa hannu ya taya ja, ko baƙo ne, yana da rabo a kifin. Jikan Gero ya ga ƙofar nasara ta buɗe. Ya bi igiyar nan, ya wuce ƙarti masu jijiyoyi da ke cikin ruwa har ƙugu, ya wuce na tsakiya, ya wuce mata, har ya kai can jelarta a gindin bishiyar kwakwa, inda ta kwanta a ƙasa ba mai bukatarta. Nan ya kafa tuta. Ya kama da hannun dama, na hagu na tattare da riga, ya ɗaga murya ya ce, "Ja! Ku ja, 'ya'yan Gero!" Ba mai jin Hausa a cikinsu, amma sun ja, don dama ja suke yi. Ana cikin haka iska ta kwaso ɗigon ruwan teku ta sauke masa a leɓe. Ya lasa. Gishiri ya kusa rufe masa maƙogwaro. Ki riƙe ɗigon nan a ranki, shi ne mafarin musiba.

Da aka zo rabon ganima, babban masuntan ya dubi farin gemun nan, ya ji nauyinsa, ya miƙa masa wani kifi da ba a taɓa jin labarinsa a gulbin Kabi ba. Faɗinsa kamar faifai, bayansa launin ƙasa, cikinsa fari, idanunsa duka biyu a gefe ɗaya, bakinsa a karkace kamar na wadda ta ji gulma ta ƙi faɗa. Tun daga bakin teku har zango yana cikin leda yana hararar Alhaji ta wutsiyar ido.

A gida Hajiya Tumba, matarsa, wadda ta soya kifin da ya fi gashin gemunsa yawa, ta leƙa ledar ta ce, "Alhaji, kawo in gyara maka. Irin wannan ba ya son wuta, da ya ji zafi..."

"Ja da baya, Hajiya! Alkawari na ɗauka a gaban maza."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno da farantin shinkafa, ta zauna a inuwa tana tsince tsakuwa.

Sadauki ya kafa sansani a tsakar gida. Ya ciko kurfoti da gawayi, ya sauko da tukunyar da ake dafa abincin suna. Karon farko da hayaƙi aka yi shi, hayaƙi ya kai farmaki ta ido da hanci, shi kuma yana mayar da martani da mafici yana hawaye, har wuta ta miƙa wuya ta kama. Sannan ya yi wa kifin wankan tarwaɗa da toka da ruwan zafi, kamar yadda ya ji ana yi a gidansu, kifin kuwa da ba shi da yauƙin ya ba da fatarsa a madadi.

Daga nan ne ya zauna ya yi tunani mai zurfi irin na manyan malamai. Ɗigo ɗaya na ruwan nan ya kusa kashe shi. Wannan kifi kuwa a ciki aka haife shi, a ciki aka yaye shi, shi yake sha safe da yamma, ke nan gishiri ne har cikin ƙashi. In aka ba dattawan majalisa, da rabinsu ke fama da hawan jini, ai sai zango ya kwana a makoki. Maganin abin, in ji fatawarsa, shi ne a yi masa yadda mata ke yi wa shuwaka mai ɗaci: a tafasa a zubar, a tafasa a zubar, har sharrin ya fita.

Ya tafasa. Ruwa ya yi fari. Ya yi kabbara ya ce, "Ga shi nan yana fita!" Ya kama kunnuwan tukunya da bakin riga, ya zame murfi kaɗan, ya tsiyaye a kwatar da ke bi ta ƙarƙashin katanga ta fita waje. Wasu fararen gutsattsari suka bi ruwan a guje. Ya ƙara ruwa, ya ƙara wuta, ya sake tsiyayewa. Duk ɗauka sai ya ji tukunya ta ƙara sauƙi, sai ya yi hamdala, yana mamakin yadda gishiri ke da nauyi haka. Labarin fatahin nan bai tsaya a gida ba. Kyanwoyin unguwa suka yi gangami a bayan katanga, runduna runduna, har da wani gurgun muzuru da aka daɗe da fitar da rai da shi, agwagin maƙwabta na rufa musu baya.

Sau ɗaya Hajiya Tumba ta buɗe baki. Ta ce, "Alhaji, farin nan da ke bin kwata fa..."

"Abokin gaba ne ke gudu! Kada ki karya mini gwiwa a fagen fama!"

Ta koma kan tsakuwarta.

Da ruwa ya daina yin fari, ya tabbata an murƙushe gishiri har ƙarshensa. Ya yanka albasa, a nan kam ba wanda ya kai shi, ya zuba attaruhu da daddawa, gishiri ko ƙwaya bai sa ba, ya rufe bai leƙa ba don tururi. Ya yi wanka, ya tafi masallaci yana taku kamar wanda ya ci gari bakwai.

Aka sauko. Majalisa ta biyo shi, Barmo a gaba. A ƙofar gida sai da suka yi ta tsallake kyanwoyi, duk sun baje a bakin kwata, ciki ya ɗaure, suna lasar gashin baki. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, kowa ya wanke hannu har gwiwar hannu. Jikan Gero ya shigo da tukunya da kansa, ya dire, ya ɗaga murfi.

Ya tura ludayi ya ɗebo, albasa. Ya sake turawa, albasa. Ya zurma har ƙasa ya karto, sai ga wata doguwar ƙaya tsaf kamar mataji, da kai a maƙale, idanun nan biyu na gefe ɗaya sun yi fari, har yanzu suna hararsa.

Barmo ya ce, "Sarkin Ruwa, ina kifin?"

"Ba ka ga kai ba? Ba ka ga ƙaya ba?"

"Mu cin kifi muka zo, ba ta'aziyyarsa ba."

Sai gardama ta kaure. Alhaji ya ce ya yi alkawarin kamowa ya kamo, ya yi na dafawa ya dafa, tsokar kuwa narkewa ta yi a romo, duk ƙarfinta na ciki. Aka kurɓi romon, aka ji ruwan zafi ne da ya taɓa gaisawa da albasa. Barmo ya ce ko dai Alhaji ya cinye shi kaɗai, ko dama ƙaya ya tsinto a juji. Majalisa ta rabu biyu, murya ta fi murya, har aka ce a tambayi Hajiya, tunda ita kaɗai ta ga yaƙin. Alhaji ya ji sanyi a ransa, don ya san matar da suka tsufa tare ba za ta ba shi kunya ba. Ya juya wajen labule ya ce, "Hajiya, gaya musu tsakaninki da Allah!"

To, kin ji inda sarautar ta tafi. Tun daga amsar nan ba a ƙara ce masa Sarkin Ruwa ba, in baƙo ya yi suɓutar baki ma, shi da kansa yake kau da kai ya kama gyaran albasa. Kuma ba ta ɗaga murya ba. Daga bayan labule ta ce:

"Ni dai shaida ce, Alhaji bai yi ƙarya ba. Shi ya kamo, shi ya dafa, ko murfi ban taɓa ba. Sai dai da ya ga kifin baƙo ne, ya ji tausayinsa, ya sallame shi kaɗan-kaɗan ta kwata. Kwatar nan kuwa teku take zuwa. In kun yi sauri, Malam Barmo, kwa cim masa a hanya."